Lilo Ya Yi Wa Yaran Rikkos Nisa

Duk faɗin Nijeriya da wuya a sami garin da ya yi suna wajen iska mai daɗi da wuraren shaƙatawa kamar Jos. Garin yana bisa tudu, kimanin ƙafa 4,000 sama da teku, ga duwatsu, ga sanyi, ga kayan lambu iri iri. Tun zamanin Turawa ma'aikata suke zuwa hutu nan daga Ikko da Kano da sauran garuruwa masu zafi, har yau kuma makarantu sukan ciko motoci da ɗalibai daga jihohin maƙwabta don su ga gidan tarihi da gidan namun daji. Amma akwai abin da baƙo ba ya lura da shi, watau cikin garin nan akwai yara da yawa waɗanda ba su hawa lilo sai Salla Salla. Yaran Rikkos suna cikinsu.

Rikkos unguwa ce a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, ba nisa da Gangare da Dutse Uku. Unguwa ce mai cike da jama'a, gida jikin gida, shago jikin shago, kuma kowane gida ka leƙa sai ka tarar da yara. Da safe suna makarantar boko, da yamma suna Islamiyya ko makarantar allo. Ɗan lokacin da ya rage musu tsakanin la'asar sakaliya da magariba shi ne na wasa. To, a nan ne maganar take. Mutum sai ya yi ta zagaya lungu lungu bai ci karo da filin da aka keɓe wa yara ba.

Ba wai ba su wasa ba ne. Yaro ko a kurkuku aka sa shi sai ya yi wasa. Maza suna gara taya a bakin titi, suna langa, suna buga ƙwallo a inda duk suka sami sarari, in mota ta taho a ɗauke duwatsun gola, in ta wuce a mayar. 'Yan mata suna 'yar gala-gala da carafke a ƙofar gida ko cikin soro. Waɗanda suka ɗan tasa kuwa sai su nufi rafi ko kan duwatsu, inda idon uwa ba ya kaiwa. Saboda haka ranar da aka ce za a kai yara wurin wasa na sosai, mai shinge da lilo, babbar rana ce a gidan.

SHIRIN FITA

Shirin kan fara tun ana cikin azumi. Mai gida ya yi subul da baka ya ce in Allah ya kai mu Salla zai kai su, yara kuwa ba su mantuwa da alkawari. Kullum sai an tuna masa, in ya dawo daga kasuwa, in zai fita masallaci. Washegarin Salla, ko rana ta uku, tun da hantsi an yi wa kowa wanka, an shafe shi da mai saboda sanyin Jos mai fasa fata, an sa masa kayan Salla. Uwa ta zuba soyayyen nama da cincin a leda, ta ɗura zoɓo ko kunun aya a gora, ta ɗauki zane na shimfiɗa da rigunan sanyi, gama ta san in rana ta yi sanyi a garin nan iska ba ta da ta ido.

Daga nan sai neman abin hawa. Iyali mai yara huɗu ko biyar sai sun ɗauki shatar Keke Napep, ga babbar 'ya ta rungume ƙaninta, ga jariri a baya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya tashi ƙwarai, ranar biki kuma direbobi sukan ƙara nasu. In mai gida ya haɗa kuɗin zuwa da dawowa, da kuɗin ƙofa na kowane kai, da kuɗin hawa abin wasa, da na ƙwalam da yara za su nuna da yatsa, sai ya ga cefanen kwana biyu ko uku ya tafi a wuni guda. Wannan shi ya sa fitar ta zama ta shekara shekara. Shi ya sa kuma a kan bar wasu a gida, a ce musu nasu turun sai Babbar Salla.

CIKIN WURIN WASA

Ƙananan wuraren wasan da ake samu cikin gari yawancinsu na 'yan kasuwa ne. Fili ne da bai fi fuloti ɗaya ko biyu ba, an kewaye shi da katanga ko waya, an shafe ƙarafa da fenti ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Akwai lilo biyu ko uku, da tsani mai gangara inda yaro kan hau ta baya ya sulalo ta gaba, da katakon nan da yara biyu ke zama baki da baki, wannan ya yi sama wancan ya yi ƙasa. Wasu wuraren suna da lilo mai kewaye da dokin roba, da kuma katifar iska wadda ake hurawa da inji yara su tuɓe takalma su yi ta tsalle a kai. In wutar lantarki ta ɗauke sai a jira a ta da janareta.

Mai karatu, in kana son ka san halin yaro, ka tsaya a ƙofar irin wannan wuri. Wanda ya dami gida da surutu tun cikin azumi, da ya shigo sai ya yi tsit ya riƙe gefen zanen uwarsa. Ƙanwarsa kuwa wadda ake ce wa matsoraciya tuni ta fizge hannu ta yi gaba. Ɗan shekara biyu ba ruwansa da dokin roba da aka biya kuɗi dominsa, shi dai a bar shi ya zauna cikin yashi yana cika takalminsa yana zubarwa. Ɗan shekara huɗu zai hau tsani har ƙoli, ya leƙa ƙasa, ya fashe da kuka, ya tsayar da layin yara goma a bayansa har sai Yaya ta hau ta riƙo hannunsa. In ya sulalo sau ɗaya ya ji daɗin abin, to shi ke nan, sai ya yi ashirin ba a raba shi da wurin ba.

A wurin lilo ne ake samun rigima, don yara sun fi lilo yawa. Nan yaro ke fara koyon abin da ba a koya masa da bulala, watau jiran layi, da sauka in lokacinsa ya cika, da tura wani kamar yadda aka tura shi. Iyaye mata suna zaune a inuwa, ido ɗaya kan hira ido ɗaya kan yara. Iyaye maza kuwa, waɗanda a gida ba a ganin haƙorinsu, sai ga su sun naɗe hannun babbar riga suna tura lilo, suna ɗaukar hoto da waya. A bakin ƙofa ga masu awara da masu rake da masu balan-balan, kowa yana neman nasa rabon. In aka ce a tashi a tafi, magana ɗaya ce ke fita daga bakin kowane yaro: "Baba, saura sau ɗaya."

ABIN DA YA KAMATA IYAYE SU DUBA

Wurin wasa ma yana da nasa hatsari, musamman ranar cunkoso. Kafin a ɗora yaro kan lilo ya kyautu babba ya kama sarƙar ya jijjiga, ya dubi inda aka yi walda, ko ya yi tsatsa ko ya tsage. Ya dubi ƙasan wurin kuma. In yashi ne, sau da yawa faɗuwa ba ta wuce kuka da kakkaɓe riga. In siminti ne, to ana iya kwana a asibiti. 'Yan ƙanana masu gilmawa ta gaban lilo yana cikin tafiya sukan ji ciwo, don haka ɗan shekara biyu ko uku ba a sakin hannunsa a nan.

A watannin Maris da Afrilu ƙarfen sulalowa kan yi zafi da tsakar rana har ya ƙona cinyar yaro, sai a taɓa da hannu tukuna. Da damina kuwa, wadda a Jos takan yi ƙarfi a Yuli da Agusta, da zarar hadari ya haɗu a sauko da yara daga kan ƙarafa. Katifar iska ba a haɗa manyan yara da ƙanana a kanta. Dabara ce mai kyau a rubuta lambar wayar uba ko uwa a takarda a sa wa yaro a aljihu, a kuma nuna wa manyan cikinsu wurin da za a haɗu in an rabu. Sa'an nan a kama hanya tun kafin magariba, don abin hawa kan yi wuya in duhu ya shiga.

MANYAN WURARE

Jos ba ta rasa manyan wuraren kai yara ba. A tsakiyar gari akwai Gidan Tarihi wanda aka buɗe a 1952 ta hannun Baturen nan Bernard Fagg, mai binciken gumakan yumɓu na Nok. Kusa da shi akwai gidan zu, wanda shi ma tun shekarun 1950 yake. A harabar ne kuma aka gina kwaikwayon tsoffin gine-ginen ƙasar nan, har da ganuwar Kano da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, yadda yaron da bai taɓa fita Filato ba zai ga aikin maginan Hausa da idonsa. Can wajen gari ta hanyar Miango akwai Gandun Namun Daji na Jos, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk na tsohuwar Jihar Binuwai da Filato. Akwai kuma wurin shaƙatawar da aka sa wa sunan Cif Solomon Lar, gwamnan farar hula na farko a Jihar Filato, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983.

Duk waɗannan abin alfahari ne. Amma fa wurare ne na ziyara, a je a gani a dawo a yi ta labari har wata guda. Ƙaramin yaro kuwa wasa a gare shi kamar abinci ne, kullum yake bukata. Ɗan shekara uku zai kalli biri na minti biyar ya gaji, ya ce a kai shi lilo. Abin da ya fi masa amfani shi ne ɗan fili kusa da gida, wanda yayarsa za ta riƙe hannunsa su taka da ƙafa bayan an taso daga Islamiyya, su dawo kafin a kira salla, ba kuɗin mota ba kuɗin ƙofa.

YADDA FILI YA ƘARE

Rashin filin nan yana da asali. Haƙar kuza ce ta gina Jos, kuma da Turawa suka tsara garin sun keɓe wa kansu unguwa mai faɗi da itatuwa da kulob, har da filin wasan golf a Rayfield tun 1913. Unguwannin 'yan ƙasa, inda leburori da 'yan kasuwa da masu sana'a suka zauna, su suka yi ta faɗaɗa da kansu, kowa ya sami wuri ya kafa tubali. A wancan zamani ba a damu ba, don bayan gari duk fili ne, kuma kowace unguwa tana da dandali inda yara ke haɗuwa da farin wata.

Abin da ya ƙara tsananta al'amarin shi ne rikice-rikicen da garin ya sha, na 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, waɗanda aka yi asarar rayuka masu yawa a cikinsu daga kowane ɓangare. Bayan kowane rikici sai mutane su kwashe kaya su koma inda 'yan'uwansu suka fi yawa. Musulmi suka tattaru a unguwanni irin su Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, Kirista su ma suka tattaru a nasu. Unguwa ba ta ƙara faɗi ba, mutane sun ƙaru. Kuɗin haya ya tashi, fuloti ya yi tsada, aka gine dandali, aka gine bayan gida, aka gangara har bakin rafi. Wanda yake neman inda zai sa haƙarƙarinsa ba ya tunanin inda yara za su yi langa.

Mutanen Rikkos sun ga sakamakon wannan matsi a daren 22 ga Yuli 2012, ana farkon azumi. An tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar ruwa ta Lamingo ta cika ta tumbatsa, ruwa ya biyo rafi ya afka wa gidajen da ke gaɓa. Mutum 35 aƙalla suka rasu, cikinsu har da ƙananan yara, gidaje wajen 200 suka rushe. Wannan rafin shi ne dai wurin wasan yara da yawa har yau, suna wanka, suna kamun 'yan kifaye, alhali ruwan dutse ba ya sallama in zai zo. Ana iya yin ruwa can bisa tudu, nan ƙasa rana na haskawa, kafin a ankara rafi ya kawo. A sassan Filato da aka yi haƙar kuza kuma ga tsoffin ramuka cike da ruwa, masu zurfi, waɗanda suka sha cin yara masu zuwa iyo. Yaro bai san wuta ba sai ya taka, in ba a ba shi wurin wasa ba shi zai zaɓar wa kansa.

INDA YARA KE HAƊUWA

Akwai wani amfani na wurin wasa wanda ya fi lilo da katifar iska. Wanda aka haifa a shekarar 2001 yanzu ya haura shekara 20, wasu ma sun yi aure sun haifi nasu. Iyayensu sun san zamanin da Musulmi da Kirista ke haya a gida ɗaya, a aika wa maƙwabci naman Layya, shi kuma ya aiko da shinkafar Kirsimeti. Su kuwa da yawansu sun tashi a unguwa iri ɗaya, sun yi makaranta da yara iri ɗaya, abin da suka sani game da wancan ɓangare labari ne kawai, kuma ba kullum labarin ke da daɗi ba.

A layin lilo babu wannan. Ga yarinya da ɗan hijabinta, ga wata da kitson Kirsimeti, ga ɗan Birom, ga ɗan Afizere, ga Bahaushe, ga Bayarabe, ga Ibo, yawancinsu kuma da Hausa suke faɗa da Hausa suke shiryawa, gama ita ce harshen kasuwa da titi a Filato. In yaro ya faɗi, matar da ta fi kusa ita ke ɗaga shi ta kakkaɓe masa gwiwa, ba ta tambayi sunan ubansa ba. Sai uwarsa ta taso ta ce, "Sannu, 'yar'uwa, na gode," daga nan a matsa wa juna a kan benci, hira ta ɓarke a kan tsadar kaya da ƙiriniyar yara. Ba a ce wannan zai warware rigimar siyasa ko ta ƙasa ba. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya taɓa tura wani a lilo zai yi wuya a gaya masa cewa wancan ba mutum ba ne.

ABIN DA WASU SUKA YI

Wasu garuruwan sun taɓa shiga irin wannan hali. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu birnin Amsterdam na ƙasar Holan ya cika da yara, ga ƙarancin gidaje, ga kangaye. Sai hukumar birnin ta sa wani matashin mai zanen gine-gine, Aldo van Eyck, ya riƙa mayar da 'yan guntayen filaye wuraren wasa. Daga 1947 zuwa 1978 ya tsara fiye da 700. Ba wasu kayan tsada ya zuba ba, ramin yashi ne da 'yan ƙarafan hawa da duwatsun siminti na tsallake, da benci don iyaye. Ba a biyan ko kwabo. Abin da aka kula da shi shi ne kowane yaro ya sami ɗaya kusa da gidansu.

Ta wajen doka ma ba a bar mu a baya ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta sa wasa da hutu cikin haƙƙin yaro a sashe na 31. Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ita ma ta faɗi haka. Tsarin Mulki na 1999 kuwa, a jadawali na huɗu, ya lissafa gina wuraren shaƙatawa da lambuna da filaye da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, daidai da tituna da magudanan ruwa. Ashe ke nan lilo a unguwa ba alfarma ba ce.

WA ZAI FARA?

Aikin bai fi ƙarfin jama'a ba. Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa da Hukumar Raya Birnin Jos, watau JMDB, suna iya bin unguwa su gano 'yan filayen hukuma da suka rage, su kafa musu alama tun kafin a wayi gari a ga an zuba bulo. Makarantun firamare na gwamnati suna da fili, ana iya kafa lilo a gefe guda a buɗe wa 'yan unguwa da yamma, a sa dattijo ɗaya ya riƙa lura. Masu walda suna nan birjik, su ke ƙera ƙofofi da gadaje, lilo ba zai gagare su ba. Tsoffin tayoyi suna zube a wurin masu faci, yashi kuma tifa ɗaya ta isa.

Masu hannu da shuni su ma ga tasu dama. An saba da gina masallaci da haƙa rijiyar burtsatse don neman lada mai gudana, kuma madalla da haka. To, fuloti guda da aka yi waƙafinsa don yara, wanda zai hana su bin rafi da gilma wa mota, shi ma alheri ne da ba ya yankewa. Malamai sun karantar da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi wasa da jikokinsa Hasan da Husaini, har sukan hau bayansa yana sujada bai ture su ba. Limaman coci su ma suna wa'azi da yadda Yesu ya hana a kori yara daga wurinsa. A kan wannan batu dai babu saɓani tsakanin masallaci da coci.

Kowace shekara ran 27 ga Mayu akan tara 'yan makaranta su yi maci a gaban manya don Ranar Yara, a yi jawabai, a ce su ne manyan gobe, kowa ya watse. Zai kyautu a wata shekara, maimakon jawabi, shugaban ƙaramar hukuma da masu unguwanni da ƙungiyoyin matasa su taru a Rikkos su buɗe fili ko da ɗaya ne, mai lilo huɗu da yashi da inuwa. In ya yi kyau, mutanen Dutse Uku da Gangare da Unguwar Rukuba za su nemi nasu. Allah ya raya mana yaranmu, ya kuma zaunar da Jihar Filato lafiya.